Hawa'u Ta Je Kallon Mijinta

Mailafiya tela ya rasu ranar wata Laraba a bakin kekensa, cikin kasuwar Figil. Ba jinya, ba sallama. Maƙwabcinsa mai sayar da takalma ne ya ji keken ya daɗe bai yi motsi ba, ya leƙo, ya tarar da shi ya kifa kai a kan wandon wani da bai gama ɗinkawa ba.

Matarsa Hawa'u ta shiga takaba. Ta cire 'yan kunne, ta ajiye kwalli da turare, ta ɗaura zani marar ado, ta zauna a ɗakin da suka yi shekara ashirin da 'yan kai a cikinsa. Ta yi kuka, kuma kukan gaskiya ne, don mutumin kirki ta rasa. Bai taɓa ɗaga mata murya ba. To, ina ma muryar take? Mailafiya in ka ji ya yi magana mai tsawo a gida, ranar an yi baƙi. Zai shigo ya yi sallama, ya ci tuwonsa, ya ce Allah ya yi albarka, ya kunna rediyo ƙasa-ƙasa. Ita kuwa Hawa'u Allah ya hore mata baki. Ita ke yin maganar mutum biyu a gidan, ta yi tambaya ta ba kanta amsa, har ta saba.

Abu ɗaya ne ke haɗa su faɗa, in ma faɗa za a kira abin da mutum ɗaya ke yi. Duk Asabar sai ya rufe shago da hantsi, ya hau mota zuwa Garwa wurin 'yan wasan kwaikwayo. Teyatir, in ji su. Tun kafin aurensu yake yi. Hawa'u kuwa ƙosai da kunu take sayar wa ma'aikatan siminti tun asuba, ta san yadda kuɗi ke shigowa da guntu-guntu, don haka abin yana ci mata rai.

"Ka rufe shago, ka biya mota, ka je ka yi ƙarya a gaban mutane, su ma sun biya kuɗi don a yi musu ƙaryar," haka take ce masa. "Ka taɓa ganin gidan da aka zuba teyatir a tukunya?"

Shi dai murmushi. A farkon aure, duk lokacin da za su yi babban wasa sai ya ce, "Ki zo mana ki gani." Ita kuma ta tambaye shi wa zai soya ƙosan gobe, wa zai biya mata mota, wa zai biya biye, wato tikitin shiga. Ya roƙa shekara da shekaru, sannan ya daina. Ba ta ma lura da ranar da ya daina ba.

Ranar sadakar uku sai ga mota shaƙe da mutane daga Garwa. Malaman makaranta, 'yan mata da wanduna, tsofaffin Fulani da sanduna, har da wani fasto. Suka cika tsakar gida suna hawaye. Da aka ɗan natsa sai suka shiga ba da labarinsa, nan kuwa abin mamaki ya faru, don sai ga su suna dariya a gidan makoki, suna toshe baki suna neman gafara, hawaye na zuba. Wani dattijo ya ce mutumin nan gira ɗaya zai ɗaga, zaure ya kife. Wata ta ce ranar da mahaifiyarta ta rasu ta rantse ta gama dariya a duniya, Mailafiya ne ya karya mata rantsuwar. Hawa'u tana daga cikin ɗaki tana ji, har ta fara tunanin ko ɓatan gida suka yi.

Wata budurwa ta shigo ta durƙusa ta miƙo mata waya, wai ta ga Baba a kan dandamali. Hawa'u ta ƙura ido. Kawunan mutane ne baƙi-baƙi a gaba, can nesa wani ɗan farin abu yana motsi, hoton sai rawa yake yi saboda mai ɗauka shi ma dariya ta ci ƙarfinsa. Ba a jin komai sai ihun jama'a. Ta mayar da wayar, ta ce ta gode.

Daga ranar abin ya zauna mata a ƙirji. Ɗansu ya koma wurin aikinsa a Ngaundere, masu zaman makoki suka watse, gida ya rage daga ita sai rediyon da ba ta iya kunnawa. Kishi take ji, ba ɓoye-ɓoye, kuma ba da wata mace ba, da garin Garwa gaba ɗayansa. Ita ta wanke masa kaya, ita ta san ba ya son yaji, ita ta san ciwon gwiwarsa, amma ashe akwai wani mutum a cikinsa da kowa ya gani ban da ita. Sai kunya ta biyo bayan kishin, don ta san ba hana ta aka yi ba.

Takaba ta yi nisa, saura 'yan makonni, sai ga Madam Florentine, shugabar 'yan wasan. Doguwar mace ce mai furfura a goshi, tana jin Fillanci fiye da Hausa, amma tana haɗawa ta fitar da magana. Rigar wasan Mailafiya ta zo nema.

"Za mu yi Kawu Jirgi sau ɗaya tak, don girmama shi," in ji ta. "Daga nan mu ajiye wasan har abada. Shi ya ƙirƙiro shi, ba na kowa ba ne. Boris zai sa rigar. Yaron ya fi shekara goma yana tsaye bayan labule yana kallonsa, ba takun da bai haddace ba."

"Yaushe?"

"Asabar ta sama, da yamma."

Hawa'u ta ƙirga sauran kwanakin takabarta a zuci. "Ba za a ɗan jinkirta ba? Ko wata guda."

Florentine ta girgiza kai. Zauren ranar kaɗai aka ba su, Boris kuma ya sami aiki a Yawunde, washegari zai tafi. Ta kama hannun Hawa'u ta ce, "Mun san ba za ki iya zuwa ba, Mama. Kowa ya sani. Ba wanda zai ga laifinki."

A ƙasan akwatinsa suka sami rigar, akwatin da Hawa'u ba ta taɓa buɗewa ba don ba ta ga dalili ba. Babbar riga ce ta buhun fulawa, an bi ta da faci kala-kala, da wata malfa da ta sha duniya. Ta shimfiɗa ta a gado tana dubawa. Ga ƙyallen atamfar da ta sa ranar sunan ɗansu. Ga na labulen ɗakinsu na farko. Ga wani kore da ta yi ta nema wata shekara har ta zargi 'yar maƙwabta. Ɗinkin kuwa ƙanana ne, a jere, irin wanda ba ya yi wa masu biyansa. Ta ninke ta miƙa wa Florentine.

Da magariba wan mijinta, Malum Abdelkerim, ya biyo kamar yadda ya saba, ya zauna a kan tabarma a ƙofar ɗaki, ita tana bayan labule. Malamin allo ne, mai sanyin hali, kuma bai taɓa zagin wasan ƙanensa ba, bai dai taɓa zuwa ba. Bayan gaisuwa ta yi ta kewaye-kewaye, abin da ba halinta ba.

"Malum, mai takaba tana iya fita?"

"Da rana, in da lalura. Asibiti, ko neman abin da za ta ci in ba mai kawo mata. Amma kwana, sai a ɗakin mijinta."

"In lalurar tana nesa fa?"

Malum ya gane inda ta dosa. Ya ga motar Garwa a ƙofar gida ɗazu, kuma shi ba yaro ba ne.

"Hawa'u, wasa ba lalura ba ne. Kuma motar Figil ta ƙarshe tana barin Garwa kafin su ma su fara." Ya gyara zama. "Ba zan tsare ki ba, ni ba ɗan sanda ba ne. Amma ki sani, ciyarwa ta ƙare, biyayya ta ƙare, komai tsakaninku ya ƙare. Wannan zaman shi ne haƙƙinsa na ƙarshe a kanki. Kin riƙe shi da kyau har yau. Saura kaɗan."

"Na ji, Malum."

Ta ji ɗin kuwa, shi ya sa abin ya yi mata nauyi. Da tsawa ya yi mata, da ta sami abin yin fushi da shi. Ta kwashe mako tana juya maganar. In ta zauna, ta cika masa haƙƙi, ta mutu ba ta san wanda ta aura ba. In ta tafi, ta ɓata abu ɗaya da ya rage tana iya yi masa, don ta je ta kalli wani yaro sanye da rigarsa. Da can kuɗin mota da na biye ne take ganin sun yi yawa. Kai, Hawa'u, ashe lokacin da araha ake sayar miki.

Ranar Asabar bayan azahar, lokacin da zafi ya kora kowa inuwa, ta zumbula babban hijabi ta kulle ɗaki. Maƙwabciyarta Habsatu tana zaure tana tsince shinkafa, ta ɗago kai.

"Lafiya, Maman yara? Ina zuwa?"

"Garwa."

Habsatu ta dube ta, ta dubi rana. "To ki dawo kafin dare."

Hawa'u ta wuce. Ta san kafin isha'i Figil kaf za ta ji, daga bakin masallaci har ƙofar kamfanin siminti inda take ajiye kaskonta.

Hanyar ba baƙuwarta ba ce, ta sha zuwa Garwa asibiti da biki, amma ba ta taɓa kallonta ba sai ranar. Nan Mailafiya yake bi duk mako. Ya ga waɗannan duwatsun, da gonakin auduga, da manyan motocin siminti masu tafiyar hawainiya, da masu tallar dafaffen ƙwai a Pitowa. Tana ta tambayar kanta a ina ne yake fara sauyawa. A tasha? Bayan an wuce gari? Ko sai ya ga fitilun Garwa sannan bakinsa yake buɗewa? Matar da ke kusa da ita ta miƙo mata gyaɗa, ta ce azumi take, ba ta ma san me ya sa ta faɗi haka ba.

Ɗan moto, mai babur na haya, ya sauke ta a ƙofar zauren. Layi har bakin titi. A jikin bango an manna babban hoton Mailafiya da malfar nan, ya karkace baki, ido ɗaya a rufe. Ta tsaya tana kallo har na bayanta ya ce ta matsa. Hancinsa ne, kunnensa ne, amma ita ba ta taɓa ganin fuskar nan ba.

Da ta faɗi sunanta a ƙofa, da an shigar da ita kyauta an zaunar da ita a sahun gaba. Ba ta faɗa ba. Ta kwance bakin zani ta biya biye kamar kowa, ta nemi kujera can baya kusa da bango, ta ja hijabi ya rufe rabin fuska. Wata tsohuwa mai jiki ta zo ta zauna gefenta tana haki tana fifita da kwali. Kafin a kashe fitila ta riga ta sanar da Hawa'u cewa sunanta Mama Achta, daga Kusseri ta zo musamman, can take kasuwancin yadi, kuma ba Kawu Jirgin da ya taɓa wuce ta in dai tana da lafiya.

Aka ɗaga labule. Yashi ne aka zuba a dandamali, da wani tsohon kwalekwale a tsakiya. Labarin ba wuya: Kawu Jirgi mai fito ne a kogin Binuwai, rani ya yi, ruwa ya janye, amma shi bai yarda ba. Yana nan a kan yashi da filafilinsa yana kiran fasinja. Da Fillanci ake yi, da Hausa, da Faransanci jefi-jefi, kuma Hawa'u tana bi.

Sai Boris ya fito cikin rigar. Zauren ya yi tsit, sannan aka tashi tsaye ana tafi, wasu na kuka. Hawa'u ta miƙa wuya. Abin da ta zo nema ke nan. Ta ce a ranta ko a tafiya, ko a juya kai, ko a yadda yake sosa ƙeya, za ta tsinci wani abu nasa ta riƙe.

Yaron ya taho yana tangaɗi kamar mai tafiya a cikin jirgin da igiyar ruwa ke kaɗawa. Ya buɗe murya ya yi kirari, ya zagi kogin, ya roƙe shi gafara, ya yi wa wata fasinja waƙa. Jama'a na karɓar maganar tun kafin ya ƙarasa. Hawa'u ta duba, ta sake dubawa. Ba tafiyar mijinta ba ce. Ba muryarsa ba ce, ba dariyarsa ba. In dai da gaske yaron nan ya haddace kowane taku, to takun wani ne da bai taɓa shiga gidanta ba. Baƙin ciki ya kama ta. Ta bar ɗakinta a kulle, ta zubar da takabarta a hanya, ta zo ta tarar da baƙo.

Ana cikin haka wani fasinja mai kwat da jaka ya gaji da zama a jirgin da ba ya tafiya, ya ce shi zai sauka ya taka da ƙafa. Kawu Jirgi ya roƙe shi da Allah da Annabi. Mutumin ya sa ƙafa a yashi. Sai Kawu ya cire malfa, ya damƙa wa wata mata amana, ya toshe hanci, ya yi tsalle ya faɗa yashin da ciki. Ya yi ta iyo yana tuttura ƙasa, ya kamo ƙafar mai kwat ya kayar da shi, ya jawo shi zuwa jirgi yana shure-shure, ya kwantar da shi ya hau danna masa ciki don ruwan da ya sha ya fita. Da ya gama sai ya koma gefe yana karkarwar sanyi, yana matse bakin rigarsa, yashi na zuba.

Hawa'u ba ta san lokacin da dariyar ta ƙwace mata ba. Daga ciki ta fito, mai ƙarfi, irin wadda ta manta tana da ita, har ta dafa kujerar gaba. Ta yi ta yi ta kasa tsayawa. Ba ta kuma san inda dariyar ta ƙare kuka ya fara ba, sai dai ta ji hijabinta ya jiƙe. Wannan abin daga kan Mailafiya ya fito. Wataƙila yana kan keke ya tsara shi, wataƙila yana gabanta yana cin tuwo tana yi masa lissafin abin da Asabar ke cinye musu.

Mama Achta ta dafa mata gwiwa, ita ma tana share ido da bakin gyale.

"Yi kukanki, 'yar'uwa, duk mun yi rashi. Amma wallahi wannan ba komai ba ne. Yaron ya yi ƙoƙari, Allah ya ba shi lada, sai dai ko rabi bai kai ba. Mai rigar, in ya fito daga yashin nan, wani kallo yake yi wa mutum, shi ke nan sai an ɗauke ki. Kin taɓa ganinsa?"

"Ban taɓa ba," in ji Hawa'u.

"Kash. Kin makara." Tsohuwar ta girgiza kai. "Ni matarsa nake tunani. Mu sai mun biya, sai mun yi tafiya, mu same shi sau ɗaya a shekara. Ita kuwa da shi take kwana take tashi. Wannan mata ta sha dariya a duniya."

Hawa'u ta buɗe baki, ta rufe. A rayuwarta ba a taɓa yi mata magana ta rasa amsa ba sai ranar.

Wasan ya ƙare ana tafi. 'Yan wasa suka jeru, Boris ya cire rigar a gaban kowa, ya ninke ta, ya ɗora a cikin kwalekwalen, ya aza malfar a kai. Madam Florentine ta fito ta ɗaga hannu aka yi shiru. Ta gode wa jama'a, ta faɗi shekarun da suka yi tare da marigayin. Sannan ta nuna wata kujera a sahun gaba da aka bari ba kowa a kanta.

"Wannan ta matarsa ce, Mama Hawa'u," in ji ta. "Ita ta ba mu rigar da hannunta. Ba ta zo ba, kuma kun san dalili. Yanzu haka tana Figil, a ɗakinsa, tana yi masa takaba, ba ta taka ko ƙofar gida ba don girman haƙƙinsa. Mu mun ba shi tafi, ita ta ba shi abin da ya fi tafi. Ina roƙon kowa, Musulmi da Kirista, ya yi mata addu'a yadda ya iya."

Wani dattijo a gaba ya miƙe ya fara. Allah ya ba ta ladan haƙurinta. Allah ya karɓi zamanta. Allah ya sa yadda ta tsare masa ɗaki a duniya, ya haɗa su a ɗaki ɗaya a Aljanna. Zauren gaba ɗaya yana amsawa da amin, kujera bayan kujera, har bangon baya.

Hawa'u tana zaune, hannuwanta a kan cinya, sun yi mata nauyi. Mama Achta ta zungure ta da gwiwar hannu.

"Ɗaga hannu mana, baiwar Allah. Matar kirki ake yi wa addu'a."

Hawa'u ta ɗaga.